Titin cikin gari ba na masu mota kaɗai ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana a kan yadda ake gina tituna a cikin birane, da rayukan da suke salwanta a kansu kullum.

Duk lokacin da aka yi hatsari, labarin kusan iri ɗaya ne: gudun wuce sa'a, tuƙin ganganci, jami'i ya ja kunnen direbobi, a yi wa mamata addu'a, a wuce. Ban ce direbobi ba su da laifi ba. Akwai mai riƙe da sitiyari idonsa na kan waya, akwai mai fitowa da motar da birkinta ya daɗe da mutuwa. Amma idan mahaɗa ɗaya ce ake ta kwasar gawa a kanta shekara da shekaru, direbobin kuma daban-daban, to lokaci ya yi da za a tambayi wanda ya zana mahaɗar, da wanda ya sa hannu aka biya kuɗin kwangilar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin kan hanya duk shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba. Masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Su ne kuma ake mantawa da su idan an zauna rabon kasafin kuɗi.

A dubi abin da hukumomin birane suka fi alfahari da shi: gadar sama, da titi mai layi uku-uku da aka ratsa da shi ta tsakiyar unguwa. Ranar buɗewa a yanka kyalle, a ɗauki hoto daga sama. Washegari a je a tsaya a bakin titin da sassafe. Ga dattijuwa riƙe da hannun jikanta za ta kai shi makaranta a tsallake. Ta sa ƙafa ɗaya a kwalta, ta janye, ta sake sawa, ta janye. Babu danja, zanen tsallakawa ya goge, tsakiyar titin kuma an gina katanga. An yi gadar masu tafiya a ƙasa, gaskiya ne, amma tana can nesa, matakalarta ta fi ƙarfin gwiwar tsohuwa, balle mai keken guragu ko mai ɗauke da kaya a ka. Da dare kuma babu fitila a kanta, mata na tsoron hawa. Sai a wayi gari an fasa katangar, jama'a na bi ta ɓarakar, idan mota ta kaɗe wani a ce ai shi ya ƙi hawa gada.

Gefen titin ma haka. Inda aka ware wa masu tafiya, ko dai motoci sun faka a kai, ko an kafa rumfa, ko murfin kwalbati ya karye an bar rami a buɗe. Dole mutum ya sauko kan kwalta ya haɗa kafaɗa da tirela.

Asalin matsalar gudu ne, kuma titi ne yake koya wa direba gudu. Hanya mai faɗi, miƙaƙƙiya, babu abin da zai sa a taka birki, ko an kafa allo an rubuta 50, direba 80 zai yi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, mai gudun 80 kuwa fiye da mita 22. Ke nan kafin ƙafar direba ta kai kan birki, yaron da ya faɗo titi ya riga ya shiga gabanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Sitokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kan kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci suke cuɗanya.

Wani zai ce rai da ajali. Haka ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, kuma waɗanda suka ɗaure nasu sun ga amfaninsa. Majalisar dokokin Suwidin ta amince a 1997 da wata manufa mai cewa ɗan'adam ajizi ne, dole zai yi kuskure, don haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Aka rage faɗin tituna, aka mayar da mahaɗai shataletale, aka ɗaga wuraren tsallakawa. Birane irin su Oslo ta ƙasar Norway da Helsinki ta ƙasar Finland suka bi wannan sahu, kuma a shekarar 2019 babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya da mota ta kashe a cikinsu. Kada a ce sai mai arziki: tudun rage gudu a gaban makaranta, da fenti, da ɗan tsibiri a tsakiyar titi inda mai tsallakawa zai tsaya ya numfasa, da fitilar da ke ci da dare, duk kuɗinsu bai kai na ginshiƙi ɗaya na gadar sama ba.

Cunkoson da ake fakewa da shi ma, faɗaɗa titi ba ya maganinsa sai na ɗan lokaci, domin sabon fili sababbin motoci yake jawowa. Abin da ke rage shi, manyan motocin haya ne masu layinsu na kansu, masu zuwa a kan lokaci. Kuritiba ta ƙasar Barazil ta fara wannan tun 1974, Bogota ta ƙasar Kolombiya ta bi a 2000, Legas a 2008, Darussalam ta ƙasar Tanzaniya a 2016. Inda babu irin wannan, talaka ba shi da zaɓi sai ya hau bayan babur, sau da yawa ba hular kwano, wani lokaci uwa da 'ya'ya biyu a kan sirdi ɗaya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin rage mace-macen kan hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Wannan alkawari ba a zauren taro zai cika ba, sai a ofisoshin ayyuka na birane, kuma waɗannan ofisoshi suna motsawa ne idan sun ga ana sa musu ido.

Don haka roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne idan wakilinku ya je ɗauko labarin hatsari, kada ya tsaya a kan adadin mamata da jawabin jami'i. Ya faɗa mana ko fitilar wurin tana aiki, ko akwai wurin tsallakawa, da nisan da ke tsakaninsa da inda aka kaɗe mutumin. Ya tambayi masu zama a bakin hanyar ko wannan ne karo na farko. Sannan ya ɗauki amsoshin ya kai wa hukumar da ke da alhakin titin, ya nemi a faɗa masa ranar da za a gyara, ku buga ranar, idan ta zo kuma ku koma ku duba.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya ba masu jinya lafiya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku