Zuwa ga aminina a Bilma, kan raba takarda kashi uku da kashi biyar

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Bilma? Mu ma nan Damagaram hunturu ya shigo da hazonsa, amma lafiya lau, alhamdu lillahi. Mutanen Birni da na Zango duk suna tambayarka.

Saƙonka ya iso. Ka ce ƴan ajinka sun kasa kama sulusi da humusi, ga kuma ƙarancin abin awo a hannunsu. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna in rubuta maka yadda nake yi da nawa ɗaliban. Takarda kawai ake buƙata, sai farce.

Dabarar daga masu ninka takarda na Japan ta fito, sana'ar da suke kira origami. Su ba sa son awo da fensir, sun fi so takardar ta nuna musu wurin ninki da kanta. Ka samo takardar A4, ka kwantar da gajeren gefe kan dogon, ka yanke rarar. Ka sami murabba'i mai santimita 21 kowane gefe. Rabi ba wuya, haɗa baki da baki ne. Daga rabi sai rubu'i, sai sumuni, sai kashi 16. Amma ko ka kwana kana rabawa biyu ba za ka taɓa faɗawa kan uku ko biyar ba, kuma a nan yara suke tsayawa.

Hanya ta farko ta Kazuo Haga ce, tsohon malamin ilimin halittu a Jami'ar Tsukuba. Ka haɗa kusurwoyin sama biyu, ka ɗan matsa da farce a tsakiyar gefen sama, alama kawai. Sai ka ɗauko kusurwar ƙasa ta dama ka aza ta daidai kan alamar, ka danne ninkin. Gefen ƙasa zai tashi ya kwanta a karkace har ya ƙetare gefen hagu. Inda ya ƙetare ɗin, nan ne sulusi: santimita 14 daga sama, 7 daga ƙasa, ba ƙari ba ragi. In ka sami takardar buhun siminti ka yanki murabba'i mai santimita 24, za ka ga dalili da idonka. Ƙaramar alwatikar da ta rage a sama ta dama gefunanta 9 ne da 12 da 15, wato uku, huɗu, biyar ɗin nan da magina ke ja da igiya in za su fitar da kusurwar ɗaki. Ta hagu kuwa 12 da 16 da 20, kuma 16 sulusi biyu ne na 24. Ranar da na nuna wa ƴan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, wannan, wani yaro ɗan magini ne ya riga kowa ganewa.

Ta Haga ta fi kyau a ido, ban musa ba. Amma wadda nake so ka fi riƙewa ita ce ta Shuzo Fujimoto, don da ƙiyasi take farawa, kuma ko yaro ya kauce da nisa takan dawo da shi.

Ga yadda ake humusi. Yaro ya dubi gefen sama, ya ƙiyasta kashi ɗaya cikin biyar daga hagu, ya sa alama. Ba sai ya dace ba. Abin da ya rage a dama kashi huɗu ne, to ya kawo bakin dama kan alamar ya matsa: ya sami uku cikin biyar. Ya sake kawo bakin dama kan sabuwar alamar: huɗu cikin biyar. Yanzu ya koma hagu, ya kawo bakin kan wannan ta ƙarshe: biyu cikin biyar. Ya sake kawowa: ɗaya cikin biyar, kusa da inda ya fara, amma ba daidai wurin ba. Kowane ninki yana raba kuskuren farko biyu, ninki huɗu kuwa ya mayar da shi kashi ɗaya cikin 16. In da milimita 4 ya kauce, yanzu saura rubu'in milimita, bai kai kaurin zanen fensir ba. In ya ƙara zagaye ɗaya, alamar ba za ta sake motsi ba. Wallahi, Malam, har yau in na ga alamomin nan suna matsowa suna haɗewa wuri guda sai in ji daɗi ya kama ni.

Ƙa'idar ɗaya ce ga kowace lamba mara: alama takan raba gefen gida biyu, dole ɗaya ya zama cika, shi za ka raba biyu. A bakwai, daga ɗaya sai huɗu, sai biyu, sai ɗaya kuma. Kada ka faɗa musu wannan tun farko. Ka ba su bakwai bayan sun iya biyar, ka zuba ido.

Abu biyu zan ja hankalinka a kai. Alamun gwaji su zama ƙanana a bakin takarda, sai ta ƙarshe za a karya har ƙasa, in ba haka ba layuka za su cakuɗe yaro ya rasa na bi. Sannan murabba'in ya fita daidai kafin a fara ta Haga, don karkatacciyar takarda ba ta ba da sulusi. Ta Fujimoto ba ruwanta da wannan, ko a guntun igiya tana aiki, kuma wani baduku a Kasuwar Dole ya ce mini zai gwada ta a kan zirin fata.

In ka gwada da ƴan ajinka ka rubuto mini wadda suka fi saurin kamawa, ina so in kwatanta da nawa. Ka gaishe da uwargida da yara, da malaman makarantarku. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga Damagaram.