Godiya ga ɗakin haƙorin da ba ya gaggawar cire haƙori

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Likita da ma'aikatan ɗakin haƙori na asibitin da muke tura wa masu ciwon muƙamuƙi a nan Garwa ta Kamaru. Mu ma'aikatan jinya ne na ƙananan cibiyoyin lafiya, wasunmu a cikin gari, wasu a hanyar Pitowa da Gidar da Lagdo. Likita ya ce kada a sa sunansa ko na asibitin a takarda, mun bi maganarsa, amma waɗanda suka je sun san ƙofar.

Mai wannan ciwo da wuya ya zo ya ce muƙamuƙinsa ke ciwo. Cewa yake yi kunne ne, ko rabin kai, ko haƙorin baya. Ba laifinsa ba ne. Gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai tana dab da ƙofar kunne, duk wanda ya ɗora yatsa a wurin ya buɗe baki zai ji tana motsi. Tsokar tauna ɗaya tana kumatu, ɗaya kuma ta bazu a gefen kai saman kunne, shi ya sa idan sun gaji zafin ke yawo. Daga nan wahala take farawa. A ɗiga masa maganin kunne alhali kunnen lafiyarsa ƙalau. A rubuta masa amoksisilin, ba kumburi ba zazzaɓi. A yi masa allurar diklofenak, ya samu sauƙin kwana biyu, ciwo ya dawo. Ƙarshen tafiyar, wani ya ƙwanƙwasa haƙorin baya, mutum ya ce a nan ne, a cire. Haƙori mai lafiya ya tafi, gaɓar da ke ciwo kuma an buɗe ta iya ƙarfi ana jijjigawa, mutum ya koma gida da giɓi da ciwon da ya fi na da. Mun ga waɗanda aka cire wa biyu, ɗaya bayan ɗaya, a gefe guda. Wannan ne abin da muka saba gani, har muka daina sa ran wani abu daban.

Saboda haka da marasa lafiyarmu suka fara dawowa daga wurinku da haƙoransu cif-cif, kuma suna iya faɗin abin da ke damunsu da bakinsu, mamaki ya riga farin ciki zuwa.

Yawancin yabon, Likita ya yi haƙuri, na Madam ne, 'yar'uwarmu da ke karɓar mutane kafin su hau kujera. Tana magana da Fulatanci da Hausa da Faransanci, wanda mutum ya zo da shi da shi take amsa masa, kuma ba ta ɗaukar ƙarfe kafin ta gama tambaya. Yaushe ciwon ya fi tsanani, da safe ko da yamma? Wanda ya tashi daga barci da muƙamuƙi a sandare, ana zargin cizon haƙora na dare. Wanda nasa ke taruwa zuwa la'asar, da rana yake datse haƙora bai sani ba, kamar ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, a cikin cunkoso, ko tela a kan keke ana gobe salla, ko ɗalibi mai shirin jarrabawar Bak ta gama sakandare. Tana tambaya ko wanda ke kwana kusa da shi ya taɓa jin ƙarar gurzar haƙora. Goro nawa a rana, shayi kofi nawa, Nescafé fa, taba fa? Sai ta sassauta murya ta ce, Baba, ko Inna, me ke hana ku barci kwanakin nan? A nan ne ake jin zancen bashi, da kuɗin makaranta, da kuɗin auduga da bai fito ba. Ba ta yin wa'azi. Tana dai nuna wa mutum cewa damuwa ba a zuciya kaɗai take tsayawa ba, tsokar tauna na daga cikin wuraren da take sauka.

Daga nan sai ta miƙa madubi. Mutum ya ga kan fiƙarsa ya cinye ya zama shafaffe, ya ga farin layi a cikin kumatu daidai inda haƙora ke haɗuwa, ya ga sawun haƙora a gefen harshe. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya ƙara cewa jifa aka yi masa.

Awon ma abin koyi ne, kuma rula ce kawai. Babban mutum mai lafiya yana buɗe baki kamar milimita 40 zuwa 50 tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, wato yatsunsa uku a tsaye su shiga. Idan bai kai 35 ba, akwai abin dubawa. Ana rubuta lambar a kati, don ran dawowa a san ko an ci gaba, ba a dogara da "da sauƙi" ba. Likita kuma yana tsayawa gaban mutum ya kalli hanyar da haɓa ke bi in ana buɗe baki. A cikin gaɓar akwai ɗan faifan guringuntsi da ke zama kamar matashi tsakanin ƙashi da ƙashi. In ya zame gaba, yayin buɗewa ƙashin kan hau shi, sai a ji ƙas, haɓa ta ɗan kauce ta dawo tsakiya. In ya zame ya ƙi komawa, baki kan tsaya wajen milimita 25 zuwa 30, haɓa ta karkata zuwa gefen da ke da matsalar ta tsaya can. Wani lokaci kuma faifan yana wurinsa, tsokar gefe ɗaya ce ta ɗaure tana jan muƙamuƙi. Wannan shi ne karkacewar da ke firgita mutane su ce ƙashi ya goce ko iska ta buge su. Ya kamata a bambanta shi da shanyewar rabin fuska, inda ido ke ƙin rufuwa, leɓe ya zube, ruwa ya riƙa fita ta gefen baki. Wancan ciwon jijiya ne, hanyarsa daban. Kuma mun ji daɗi da kuke gaya wa mai ƙas-ƙas ɗin da ba ciwo ba maƙalewa cewa ya tafi abinsa, ba ya buƙatar magani. Ba kowane wuri ke iya sallamar mai kuɗi a hannu haka ba.

Maganin da kuke farawa da shi kusan ba ya cin ko dala. Mako biyu na hutun muƙamuƙi: kunu, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, kifi, ƙwai, a yanka abinci ƙanana, a tauna da gefe biyu. A ajiye kilishi da rake da aya da ƙuli-ƙuli da busasshen dabino da cingam, a daina tauna ƙanƙara ko da zafin Maris da Afrilu ya kai inda ya kai, a daina buɗe kwalba ko tsinke zare da haƙori. Tawul mai ɗumi a kan kumatu minti 10 zuwa 15, safe da dare. In hamma ta zo, a tallafi haɓa da dunƙulen hannu. Goro da shayi mai kauri da kofi a tsayar da su daga la'asar, domin sinadarin da ke wartsake mutum a cikinsu yana ɓata barci, cizon haƙora kuma ya fi zuwa a barcin da ake yawan farkawa. Sannan ga kalmar Madam da yanzu muka ara: leɓe a haɗe, haƙora a rabe. In mutum ba ya tauna ba ya haɗiya, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba, akwai ratar milimita 2 zuwa 3 a tsakani, kan harshe kuma yana kwance a ganɗa bayan haƙoran gaba. Tana cewa a duba wannan a kowace salla, sau biyar ke nan a rana ba tare da agogo ba. Ibuprofen kuwa na 'yan kwanaki ne, bayan cin abinci, kuma ba kwa ba wa mai gyambon ciki ko mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu.

Sai wanda haƙoransa ke cinyewa ko ciwon safe ya ƙi sauka ake yi wa marfin haƙora na dare, wanda ake kira gutiyer. Ana ɗaukar sawun haƙora da wani ƙulli mai daskarewa a cikin baki, a zuba farar ƙasa a fitar da siffarsu, a gina marfin da roba mai tauri, kaurinsa kamar milimita 2 a baya, ya rufe haƙoran layi ɗaya gaba ɗaya. Ranar karɓa ana sa siririyar takarda mai launi a ciza, duk inda ya fi tudu a goge, har haƙoran ɗaya layin su sauka a kansa daidai wa daida, bayan mako ɗaya ko biyu a sake dubawa. Kuna kuma faɗin gaskiya cewa marfin ba ya kashe cizon, yana kare haƙora ne ya rage wa tsoka nauyi. A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu, ruwan zafi lanƙwasa shi yake yi.

A wasu wuraren, da ba za mu kama suna ba, abin da ake miƙa wa mutum shi ne robar 'yan dambe mai laushi da ake jiƙawa a tafasasshen ruwa. Wasu mutane in sun ji laushi a baki ƙara tauna suke yi cikin barci. Mafi muni shi ne guntun marfi mai rufe rabin haƙora, a sa shi dare da rana wata da watanni: haƙoran da ba a rufe ba su ƙara fitowa, cizo ya lalace da gaske, karkacewar da ake tsoro a haifar da ita da hannu. Akwai masu goge kan haƙora masu lafiya wai don su daidaita, alhali abin da aka goge ba ya tsirowa. Tiramol da diyazefam kuwa ana sayar da su a tire kamar alewa, mutum ya zo da ciwon muƙamuƙi ya tafi da abin da ba zai iya bari ba. Yaro mai gurzar haƙora da dare kuma, kafin a leƙa bakinsa ko a tambayi yadda yake numfashi a barci, an riga an yanke cewa tsutsar ciki ce.

Mun kuma gode da 'yar takardar da kuke haɗo marar lafiya da ita in zai dawo hannunmu, musamman gargaɗin da ke ƙasanta. Baki ya ƙi buɗuwa bayan sara ko taka ƙusa, a yi zaton tetanos, cutar sarƙe haƙora, a tura babban asibiti nan take. Kumburi da zazzaɓi da wahalar haɗiya, ƙurji ne, ba a jira. Ciwon muƙamuƙi mai zuwa da nauyin ƙirji in an yi tafiya ko an hau tudu, zuciya ake dubawa. Baki kuma ya maƙale a buɗe bayan hamma, gocewa ce, kada a bari a doka haɓa a gida, wanda aka horar ne ke danna haƙoran baya na ƙasa ya mayar.

Roƙonmu ɗaya, ranka ya daɗe. Mutanen ƙauye da yawa ba sa dawowa gyaran marfin, saboda kuɗin mota sau uku ya fi ƙarfinsu. In za a iya haɗa musu ɗaukar sawu da ranar gwajin farko, mu kuma a nuna mana abin da za mu duba a mako na biyu, za mu riƙa auna bakin da rula a can mu aiko muku da lambar ta waya.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Madam haƙuri da lafiya.

'Yan'uwanku ma'aikatan jinya,
Garwa da kewaye.