Amsa ga Alhajin da ya tambayi ko kwangila nake nema

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron unguwa na ranar Asabar, gaban mai unguwa da limamai da samarin da na koyar a aji, ka miƙe ka tambaye ni: wai a kan ruwan rafin unguwarmu da bai kai gwiwa ba nake tayar wa jama'a hankali, ko kuwa kwangilar gyaran kwalbati nake nema? Aka yi dariya, aka watse. Na yi shiru a wurin don ka girme ni. Amma tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Zancen kwangilar nan shi ya fi yi mini ciwo. Na gama aikin koyarwa ban mallaki ko baro ba, balle tifa. Duk Rigasa an san abin da nake cefane da shi: fansho, in ya zo. Da wani ne ya faɗa, sai in ce bai san ni ba. Amma daga bakin mai yanka fulotai har gaɓar rafi, yana rantse wa masu saye cewa ruwa bai taɓa hawa nan ba, ai ban yi mamaki ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

To, ranka ya daɗe, mu zo kan gwiwar. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. Ruwan da ya kai maka gwiwa, ɗan firamaren da ke tsallaka rafin da safe a ƙugu zai same shi. Ga shi jajir da laka, ba a ganin ramukan da masu ɗiban yashi suka bari, ba a ganin inda murfin kwalbati ya rufta. Kuma rafi irin namu ba sai an yi ruwa a kanmu yake cika ba. A sheƙa shi can sama, nan rana tana ƙwallewa, sai dai ka ji ƙugin tahowarsa.

Me na roƙa har ya zama laifi? Na ce a watan Agusta da Satumba a hana yara tsallakawa da wanka in rafi ya kawo, masu babur da Keke su jira ya janye. Na ce in ruwa ya shiga gida a kashe wuta daga mita kafin a taka shi. Na ce rijiyar da ruwa ya malale kada a sha sai an tafasa, domin ta masai ya biyo, kuma ta nan amai da gudawa ke shigo mana.

Ka ce ambaliya ta mutanen Kigo Road da Bashama Road ce, masu maƙwabtaka da Kogin Kaduna. Sun sha wuya kam, ba wanda ya manta ambaliyar 2003. Sai dai su in kogi ya tumbatsa gari duka yana ji, namu rafin kuwa ba ya shiga labarai. Zancen ƙaddara da ka kawo na bar wa liman.

Abin haushin ma ba kai kaɗai ba ne. Hadari na haɗuwa sai kowane gida ya fito da shararsa ya juye a kwata, ledar fiya wata da robobi su toshe kwalbati, gobe a zauna a majalisa ana zagin gwamnati. Wanda ya yi magana kuma a ce ɗan siyasa ya saye shi.

Ni ma ina da tambaya, ina fatan ka amsa a taro na gaba: fulotan da ka yanka a bayan kwalbatin, masu ginin suna da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kuwa?

Ƙaninka,
tsohon malamin makaranta,
Rigasa, Kaduna