Daga Asuba Zuwa Isha'i a Maradi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin Amurka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, hunturu kuma ya kankama. Hazo ya rufe gari, leɓe da ƙafa sai tsagewa suke yi.

Ka tambaye ni yadda yinina ke wucewa yanzu. Ka ce naka kowane abu da sa'arsa: aiki tun safe har yamma, awa guda a gidan motsa jiki da kake biya duk wata, cefanen sati ranar Asabar a cikin mota, zaman iyali kuma sai Lahadi. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya na WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Kiran sallar farko ke tashina. In an idar da asuba na ɗan yi azkar, sai in koma gida in ba da kuɗin cefane, in sha kunu mai zafi, in kama hanyar kasuwa da ƙafa. Moto na nan cikin zaure, babban yaronmu ke hawansa zuwa jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Bara ne likita ya gwada ni ya ce hawan jini ya fara shiga. Ya ce in rage gishiri da ɗunƙulen miya, in rage sukari a shayi, in kuma riƙa tafiya. Ya gaya mini Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato rabin awa kullum har kwana biyar. Da na auna tsakanin gidanmu na Zariya da rumfata a babbar kasuwa, sai na ga zuwa kaɗai ya biya wannan, balle da dawowa.

Za ka yi mamakin mutanen da ake gamuwa da su a wannan lokaci. Sojoji na wucewa a guje cikin sahu suna waƙa. Samari 'yan ƙwallo sun nufi filin wasa. Akwai alhazai da ma'aikatan gwamnati, wasu da tasbaha a hannu, suna sauri bibbiyu ko uku-uku, yawancinsu suga ko hawan jini ne ya fito da su. Sai 'yan kokawa, tunda lokacin gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasar Nijar da ake ba zakaranta takobi, ya matso. Su cikin rairayin gulbi suke gudu yanzu da ruwa ya janye, don yashi ya fi kama ƙafa. In na gan su sai in tuna yadda iyayenmu ke ba mu labarin Kantu, ɗan Maradin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokawarmu ke ɗauke da sunansa. Yaran nan ba su gan shi yana kokawa ba, amma kowa cikinsu burinsa ya maido takobi gida.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu mutanenmu na kallon tafiyar ƙafa a matsayin alamar rashi. Da wuya in kai kasuwa wani ɗan kabu-kabu ko wani sananne bai tsaya ya ce, "Alhaji, lahiya? Moto ya lalace? Hau in kai ka" ba. Da zuciya ɗaya suke faɗa, ina kuma yi musu godiya. Amma wannan tunani ya kwantar da mutane da yawa. Mutum zai hau moto zuwa masallacin da ke bayan gidansa don kada a ce ya karye. Muna yara da ni da kai, ai har Tibiri muke zuwa da ƙafa kallon hawan salla, mu dawo da yamma ba wanda ya ce ya gaji. Gaskiya garin ma ya buɗe. Ƙidayar 2012 ta ba Maradi mutum sama da dubu 267, yau kuwa gonakin da muka sani bayan gari duk sun zama unguwanni. Ga man Najeriya da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, wanda ya yi shekaru yana da araha har kowa ya saba da hawa. Sai da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, kwalba ta yi tsada, sannan wasu suka tuna suna da ƙafafu.

Ni dai lafiyar jiki na fita nema, sai na tarar da wani abin da ya fi ta. Hanyata ta biyo ta Bagalam, inda Inna take. Kullum nakan tsaya in sayi ƙosai mai zafi in shiga in gaishe ta, in zauna bakin tabarmarta ko da minti goma ne. A nan nake jin ko ta yi barci, ko gwiwar ta dame ta, ko maganinta ya kusa ƙarewa. Tsoho ba ya kiran waya ya ce maka magani ya ƙare. Sai ka zauna, ka ga kwalin da idonka. Lokacin da nake kan moto, gaisuwar Juma'a kaɗai take samu, ita ma a tsaitsaye, don hankalina na kan rumfa.

Daga gidanta zuwa kasuwa kuwa, ba ƙofar da ban san mai ita ba. Tsofaffin unguwannin nan, Bagalam da Mokoyo da 'Yandaka da Limanci, hanyoyinsu miƙaƙƙu ne tun da aka tashi garin daga bakin gulbi aka maido shi kan tudu bayan ambaliyar 1945, ga inuwar bedi jere. Kana tafe kana hango dattijan da ke zaune tun daga nesa, ba yadda za ka wuce su. Mai moto hannu kawai yake ɗagawa, mai ƙafa kuwa dole ya tsaya ya ba da hannu. A haka nake jin wa aka yi wa haihuwa, wa ke kwance asibiti, wa ya rasu cikin dare za a kai shi da hantsi. Bikin suna da ɗaurin aure a nan da sassafe ake yin su, saboda haka sau da yawa nakan tsaya a yi fatiha da ni, in karɓi goro da dabino, in wuce. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ba su faɗa da wasa ba. Abin da kai ka raba gida uku, motsa jiki da cefane da dangi, ni hanya guda ke haɗa mini su, kuma ina ganin wannan ce babbar ni'imar da ta rage mana a garin nan, in ba mu yar da ita ba.

Kasuwa kam ka san ta. Litinin da Juma'a ba masaka tsinke, mutanen Madarunfa da Jiratawa da Gidan Rumji da Ɗan Isa duk sun shigo. Kafin a tambayi kuɗin atamfa sai an tambayi yadda canjin naira da sefa ya kwana, don rabin kayanmu daga Kano da Katsina suke zuwa. Sauran ranaku zama ne kan benci tun hantsi har la'asar, ba abin da ke tayar da mutum sai salla. Wannan zaman ne ke cin 'yan kasuwa a hankali. Da azahar nakan sha fura da nono, na ce wa mai damawa ta daina zuba mini sukari. In na ga zogale mai kyau na Jiratawa ko tumatir ya yi sauƙi, sai in saya in ba yaron rumfa ya kai gida.

Yanzu bari in gaya maka yinin da ya fi nawa nauyi, wato na uwargida. Kafin in buɗe ido ta riga ta hura wuta. Ta dama kunu, ta yi wa ƙanana wanka da ruwan zafi cikin wannan sanyi, ta shirya masu zuwa lakwal, ta duba wa ya manta littafinsa. In pampo bai kawo ruwa ba, ita ke tsayawa jiran 'yan ga-ruwa. Ta surfa hatsi, ta wanke, ta aika inji. Ta ba jajayen awakinta dusa da harawa. Kada ka raina awakin nan, da kuɗin 'ya'yansu aka yi rabin kayan ɗakin babbar ɗiyarmu. Sannan ta zauna tuyar awara ta sayarwa, wadda da ita take zubin adashi duk sati. Mun yi shawara da ita cewa 'yan matanmu ba za su ɗauki talla ba, masu saye su riƙa aikowa gida. Ciniki ya ragu, ta kuma yarda da hakan saboda karatunsu. Kafin ta sauke tuya azahar ta yi, yara sun dawo da yunwa, ga tuwon dare na jira. Tsakanin wannan duka akwai barka, akwai gaisuwar mutuwa, akwai dubiya, waɗanda in mace ba ta je ba za a riƙe ta da su shekara da shekaru.

Duk da wannan wahala, ita ma likita ya ce nauyinta ya yi yawa. Aikin nata na tsugunne ne da zaune gaban murhu cikin hayaƙi, yana gajiyar da mutum amma ba ya sa jini gudu kamar dakan da iyayenmu mata suka yi. Kuma macen aure a nan ba za ta sa takalmin gudu ta fita bakin hanya ba, kai ma ka san maganar da za ta biyo baya. Dabarar da muka samu ita ce bayan magariba in raka ta gidan mahaifiyarta a Sabon Gari, mu je da ƙafa mu dawo da ƙafa, wasu ranaku cikin sati. Maganganun da ba mu samun yi a gida saboda hayaniyar yara, na kuɗin makaranta, na auren ɗiya, na abin da ke ranta, a kan wannan hanya muke yin su.

Fadarmu ta shayi na nan inda ka bar ta, sai dai an ragu. Wasu sun rasu, wasu suna Yamai, wasu Agadas wajen zinariya. Nakan leƙa bayan isha'i in sha kofin farko in tashi. Abin da ba na so shi ne yadda za ka ga mutum shida kan tabarma guda, kowa ya sunkuya kan wayarsa, butar shayi na tafasa ba mai magana. A gida na kafa doka, in an ajiye kwanon tuwo ba mai taɓa waya, har da ni. Da ni da yara maza kwano guda muke ci. A nan autanmu ke biya mini abin da ya haddace a makarantar allo, na tsakiya ya kawo ƙarar malamin lissafi, babban ya kawo gardamar siyasa. In wuta ta ɗauke ma ba mu tashi, sai a kunna fitilar sola a ci gaba.

Akwai maganar da na ajiye sai ƙarshe. Ranar Alhamis nakan karkata ta Mokoyo in gaida Hajiyarka. Jikinta da sauƙi, tana cin abinci, ƙanwarka na kula da ita yadda ya kamata, kuɗin da kake aikowa kuma suna isowa kan kari. Sai dai idonta ya yi rauni, ba ta fita ko'ina, yininta duka kan darduma ne da rediyo kusa da ita. Saƙon muryar da kake turowa wayar ƙanwarka, takan sa a maimaita mata shi har sau nawa, amma ta ce mini abin da take so shi ne ta yi magana ka amsa. Na san aikinka ba ya barin ka, na kuma san akwai tazarar awa shida tsakaninmu a wannan lokaci na sanyi. Na yi lissafi: in ka kira da ƙarfe goma na safenku ranar Lahadi, nan ƙarfe huɗu ne, an idar da la'asar, ta yi wanka ta zauna. Zan sa babban yarona ya riƙa kai mata wayarsa a wannan lokaci, ita ta fi ɗaukar hoto da kyau, don ta ga jikokinta ko da dishi-dishi ne. Ka sanar da ni Lahadin da za ka fara.

Inna na gaishe ka, uwargida na gaida maiɗakinka da yara. 'Yan fada sun ce a gaya maka kofinka na nan. In akwai mai zuwa wajenku cikin watan nan ka faɗa mini, in ba shi kilishi da yaji ya kai maka.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Maradi