Godiya ga masassaƙan ƙananan jiragen yaƙi a Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam mai shago, da kai da yaranka nake. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda aikin da kuka yi wa gidanmu ya wuce a ce "sannu da ƙoƙari" a waya a kashe.

Mahaifinmu tsohon sojan sama ne, makanikin jirgi, kuma akasarin shekarun aikinsa a kan Alpha Jet ya yi su. Jirgin nan ne da kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka haɗa hannu suka ƙera, Najeriya ta karɓi guda 24 a shekarun 1980, kuma da shi sojojinmu suka yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo. Da muka yi shawarar kyautar da za mu ba Baba, sai ƙanwata ta ce a sassaƙa masa jirginsa. Mun san halinsa sarai: in aka kuskure ko da kusurwar fiffike ce, zai karɓa ya yi godiya, amma a kwaba zai ajiye shi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayar da ka yi tun kafin a yi zancen kuɗi: "Alhaji, mai zagayayyen hanci ko mai tsini?" Wanda bai san jirgin ba ba zai san cewa samfurin Faransa na koyar da tuƙi hancinsa a zagaye yake, na Jamus kuma mai tsini ba. Na kira Baba da dabara na tambaye shi, ya ce mai zagayen.

Na leƙo shagon ana tsakiyar aiki, kuma abin da na gani ne ya sa nake wannan rubutu. Guntun maɗaci busasshe, an manna masa zanen jirgin ta gefe da ta sama, an yanke da zarto, sannan aka bi shi da magagari da sandfefa har ya yi sumul. Awon ɗaya bisa 32 kuka ɗauka. Faɗin fikafikan jirgin na gaskiya mita 9.11 ne, don haka namu ya kamata ya tashi santimita 28 da rabi, kuma na ga yaronka ya ɗora ma'auni ya tabbatar kafin ya shafa gam. Fikafikan a saman kafaɗar jirgin suke, sun ɗan sunkuyo ƙasa kamar yadda suke a zahiri. Kujerar baya ta ɗara ta gaba tsawo, domin malami ya riƙa hango gaba ta saman kan ɗalibinsa. Hatta bakunan shan iska na injinan Larzac guda biyu sai da aka rarake su da ɗan ƙaramin kurfi, alhali da an shafa baƙin fenti a wurin mutane da yawa ba za su lura ba. Tambarin sojan sama, kore da fari da kore, da siririn burushi aka zana shi, hannu bai yi rawa ba.

A ganina nan ne darajar sana'arku take. Jiragen roba na kanti sun cika kasuwa, sun kuma fi araha, amma inji ne ya zubo su dubu-dubu. Naku sai an zauna an yi lissafi, an yi haƙuri da itace, an jira fenti ya bushe kafin a ƙara wani.

Ranar da muka miƙa wa Baba, sai ya sa tabarau, ya juya jirgin ya duba cikinsa, ya bi ƙofofin tayoyi da yatsa. Daga nan ya fara nuna wa jikokinsa inda ake buɗewa a duba inji, da inda makaniki yake tsayawa ya ba matuƙi alamar tashi. Labaran da mu 'ya'yansa ba mu taɓa ji ba, ranar muka ji su. Yanzu jirgin yana kan teburin falo, kuma ba mai taɓa shi sai da izininsa.

Alkawari ma kun cika: ranar da kuka ce a zo a karɓa, ranar aka karɓa, kuɗin da aka yi ciniki ba a ƙara ko sisi ba.

Na ga jirgin yaƙin JF-17 Thunder da kuka fara sassaƙawa, irin guda 3 da Najeriya ta karɓa daga Pakistan aka ƙaddamar a Makurɗi a 2021. In an gama a ajiye mini, domin babban ɗana ya ƙwallafa rai a kansa. Ina kuma kira ga makarantu da iyalan tsofaffin sojojin sama su nemi irin waɗannan masassaƙa su ba su aiki.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara kasuwa, ya raya yaran da kake koya wa.

Naku,
Ɗan tsohon sojan sama, daga Zariya