Wanda ya raina kotu ba zai sha a banza ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Jidda nake rubutowa raina a ɓace wallahi. Da abokin kasuwancina na gida muka yi shari'a kan kwantenar dabino, kotu ta ce kar ya taɓa kayan, ya kwashe ya sayar, lauyana ya kai masa Fom 48 da Fom 49, wato takardun kotu na gargaɗi ga wanda ya ƙi bin umarninta da na kiransa ya zo ya kare kansa, aka same shi da laifin raina kotu, kwatsam sai ga alƙali ya janye hukuncin wai ba a miƙa masa takardar hannu da hannu ba. To dabinona fa? Riyal nawa na zuba ina nan ina fama da kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya! Na ce wa lauya ya ɗaukaka ƙara tun kafin wa'adi ya wuce, ko nawa ne zan biya.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Jidda