Kan Sunan Da Za Ku Sa Wa Yarinyar

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana nan lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma jikin maiɗakin taka? Allah ya sauke ta lafiya. Saƙonka ya iso, na yi murna ƙwarai da jin likitoci sun ce mace ce. Tunda ka nemi ra'ayina kan suna, zan faɗa maka abin da ke raina yadda yake.

Sunaye uku ka kawo: Hauwa'u, wato na Hajiya, sai Rakiya da Safiya. Ka ce ita maiɗakin ta fi karkata ga irin su Afnan da Nihal, don tana ganin waɗancan sun tsufa, har kun fara tunanin a haɗa biyu, tsohon ya zauna a takarda, sabon kuma a riƙa kiran yarinya da shi. Wannan shawarar ce ba ta kwanta mini ba. In aka yi haka, a takarda kaɗai aka yi wa Hajiya takwara. Yarinya za ta tashi ba ta waiwayowa in an ce Hauwa'u, sai ranar da malami ke kiran suna a aji, ko a layin ganin likita, ta amsa kamar an kira wata baƙuwa.

Maganar tsufan suna kuwa, ka duba da kyau. Abin da ke sa mu ji suna ya tsufa shi ne duk waɗanda muka sani da shi dattawa ne. Da zarar wannan zamani ya shuɗe, sai sunan ya dawo sabo a kunnen masu tasowa. A Ingila ma haka ta faru: Florence da Ivy da Elsie sun daɗe ana musu kallon sunayen kakanni, yanzu ga su sun koma cikin waɗanda aka fi sa wa jarirai. Afnan ɗin nan da ake yayi, nan da shekara 70 sunan kaka ce. Kuma ka lura da wani abu. Rakiya da Ruƙayya suna ɗaya ne, na 'yar Manzon Allah (SAW), matar Sayyidina Usman, wadda ta rasu a 624 lokacin yaƙin Badar. Ka ce Rakiya, a ce maka sunan tsofaffi ne. Ka ce Ruƙayya, kowa ya ce ya yi daɗi. Haka Hadiza da Khadija. Sau da yawa furucin ne kawai ake gudu.

Ni dai Hauwa'u na fi so cikin ukun, kuma ba don Hajiya kaɗai ba. Ina son sunan da in yarinya ta yi wayo ta tambaya, “Baba, sunan wa na ci?” za ka zaunar da ita ka ba ta labarin wata mace. Ka tuna Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a 1793. Tagwaye ne, ɗan'uwanta Hassan, kowa zai yi zaton sunan 'yan biyu za a ba ta. Shehu bai yi haka ba, ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai guzuri kogo a lokacin hijira. Ta rayu har 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata. Ban ce sunan ne ya yi mata wannan aiki ba, amma masu cewa suna linzami ne sun ga wani abu. Safiya ma ba ta rasa labari: akwai matar Annabi, akwai kuma gwaggonsa Safiya 'yar Abdulmuɗɗalib. Duk wanda kuka ɗauka cikin ukun, ba ku yi asara ba. Sabbin kuma ban hana ba, sai dai a tambayi wanda ya san Larabci sosai kafin a rubuta, don daɗin furuci kaɗai bai isa ba. Annabi da kansa ya sauya sunaye saboda ma'anarsu. Juwairiyya da Zainab 'yar Jahshi duk Barra ake ce musu tun farko.

Na san abin da zai dame ka, ba za ka iya buɗe baki ka kira sunan Hajiya a tsakar gida ba. Nan laƙabi ke shigowa, kuma nan ne nake so ka fi yin tunani, domin shi za a kira ta da shi safe da yamma. In ba ku zaɓa ba, wani zai zaɓa muku. Sau da yawa daga bakin yaro yake fitowa, ko yayarta ta kasa furta sunan, ko ita kanta. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, da aka haifa a 1926, tana ƙarama ta kasa faɗin sunanta daidai, sai ya zama Lilibet, iyalinta suka riƙe shi har tsufanta, har aka sa wa tattaɓa-kunnenta shi a 2021. Wani laƙabin kuwa na tsokana ne, ya manne wa yarinya har gidan aure tana jin zafinsa a ɓoye. Ba banza ba aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifar juna da miyagun laƙabobi. Don haka ku riga kowa.

Abin da ba na so shi ne a tsaya kan Ummi ko Mami. Suna da daɗi, akwai girmamawa a cikinsu, amma a aji ɗaya sai ka tarar da Ummi da yawa, kuma babu wadda za ka gane sunan yankanta daga jin haka. Hauwa'u tana da nata na kanta, Kulu da Jidda, kamar yadda Hadiza ke da Dije, Maryam ke da Mairo, A'isha ke da Indo da Shatu, Zainab ke da Abu. Duk wanda ya ji Jidda ya san Hauwa'u ce. Ka kiyaye kunyarka, sunan Hajiya bai ɓace ba, kuma can inda kuke babu maƙwabci ko malamar makaranta da zai gagara furta gaɓa biyu. Sunayen rana ma ina jin daɗinsu a matsayin laƙabi, Lami da Talatu da Jummai, in dai ranar ta zo daidai.

Sai batun suna na biyu. Wasu sunayen tun asali a haɗe suka zo: Fatima Zahra, Hadiza Kubra, A'isha Humaira, Rabi'atu Adawiyya, da Halima Sadiya, wadda ta samo nata daga ƙabilarta ta Banu Sa'ad. A irin waɗannan na biyun bayani yake yi kan na farko, shi ya sa kunne ba ya ƙin su. In kuwa ku za ku haɗa da kanku, ku gwada da baki. Ka tsaya a ƙofar ɗaki ka ɗaga murya kamar kana kiranta daga waje, ka haɗa har da sunanka a ƙarshe. Rakiya Safiya ba za su zauna tare ba, ƙarshensu iri ɗaya ne, harshe na tuntuɓe. Dogo ya fi son gajere a bayansa. Hauwa'u Nihal, misali, ya zauna daram: na farkon ya ƙare a buɗe, na biyun ya rufe.

Ka ga ke nan ban ce a yar da zaɓin maiɗakinka ba. Ita ke ɗauke da cikin, ita kuma za ta fi kowa kiran sunan. A Suratu Ali Imrana, aya ta 36, mahaifiyar Maryam ce ta ce ita ta sa mata suna. Ku zauna ku yi maganar a tsanake, kada ta ji an fi ƙarfinta ne. Abin da nake roƙo kawai, na farkon ya zama shi ne mai rai a gida. In yarinya ta girma ta ga na biyun ya fi mata, wannan hakkinta ne. Sarauniya Victoria ma Alexandrina ne sunanta na farko, Drina ake ce mata tana yarinya, da ta hau mulki a 1837 ta ɗauki na biyun.

Kada ka manta da takardu. A ƙasan shafin fasfo, layin da na'ura ke karantawa gurbi 39 kawai ya ware wa suna gaba ɗaya, har da na mahaifi, abin da ya wuce haka a datse shi. Alamar nan ta tsakiyar Hauwa'u ma ba ta shiga wurin. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, ko Hauwa ko Hauwa'u, ku bi shi a makaranta da asibiti da banki. Harafi ɗaya in ya bambanta tsakanin takarda da takarda, ita za ta sha wahalar gyara shi bayan shekaru, lokacin da take neman gurbin karatu ko biza.

Ka sanar da ni abin da kuka tsayar, kuma da zarar ta sauka ka kira ni ko da tsakar dare ne. In kun yi waya da Hajiya ka miƙa mata gaisuwata. Ka gaida maiɗakin da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Allah ya raba lafiya, ya raya mana ita cikin albarka.

Wassalam,
Naka amini